Yadda Inna Ta Yafe Ƙafafunta

Shekarar da Inna ta biya kuɗin Makka babu wanda ya ba ta ko sisi. Na fara da wannan ne saboda yau a Anka akwai masu ba da labarin kamar wani ne ya yi mata alheri. Da tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa ta tara, tun muna ƙauye, kafin ɓarayin daji su koro mu cikin gari. In ta sami riba ta sayi tunkiya, in tumakin sun yi yawa ta juya su karsana ta kai wa wani Bafulatani, aminin marigayi babanmu, ya haɗa da nasa. Ranar da ta aika masa ya sayar da shanun gaba ɗaya, sai da ya taso da kansa ya zo ya tambaya ko lafiya.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, kuma ba ta yi mini magana kai-tsaye in dai akwai hanyar kaucewa. Da na fara koyarwa a firamare sai ta sami mafita, ta koma ce mini mai makaranta. In tana so in ji abu, matata take gaya wa da ƙarfi, ni kuwa ina zaune a tsakar gida kamar turmi. Haka na ji zancen tafiyar. Ta ce, "Ke, gaya ma mai makaranta bana ina son in ga Ɗakin Allah, in da rai."

Kafin kuɗin su haɗu kujerun gwamnati sun ƙare. Kawu, wan Inna da ke zaune a Nasarawar Burkullu, shi ya kawo zancen wani Alhaji ɗan Gummi mai kamfanin jirgin yawo, irin masu kai mutane aikin Hajji ba ta hannun hukuma ba. Na je na gan shi. Mutum ne fari, mai sanyin murya, kullum cikin farar shadda da ƙamshin turare. In ya gaishe ka sai ka yi zaton kai ka yi masa aure. Ya tambayi Inna, ya tambayi yara, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, na fito ina cewa Kawu ya iya zaɓen mutane.

Kowa ya san al'adar maniyyaci a wurinmu. Ba ya kama hanya sai ya bi 'yan'uwa da maƙwabta ya nemi gafara, don ba a zuwa gaban Allah da haƙƙin wani a wuya. Wasu suna yi ne sama-sama, su leƙa gida uku su ce sun gama. Inna kuwa ta ɗauki abin da gaske. Da ƙafarta ta zaga unguwanni, har gidan wata mata da suka shekara ba su magana a kan akuyar da ta ci mata gyaɗar shanya. Ta hau kabu-kabu ta bi hanyar nan ta Nasarawar Burkullu mai wargaza ƙugu, ta dawo tana ɗingishi tana dariya. A kowane gida maganar ɗaya ce, ta duƙa ta ce a yafe mata, su ce ba ta yi musu komai ba, in ma ta yi sun yafe. Babu wanda ya tsaya tambayarta laifin me.

Sai aka zo allura. Alhajin ya tara maniyyatansa a wani asibitin kuɗi a Gummi, na raka Inna. Aka yi musu ta sanƙarau da ta shawara, sannan ya ce akwai ƙari daga gare shi, ta rigakafin mura, wai can ƙasar ana son tsofaffi su zo da ita saboda tarin Makka. Kowa ya yi godiya, ni ma na yi. Inna ta ba nas ɗin damtsenta ta kau da kai, ta ce yarinyar hannunta ya fi na wanzami sauƙi. Wurin ya ɗan yi mata tsami, ya wuce, ta ci gaba da shirin kaya.

Ba a rufa wata ba matata ta ga abin da ya ɗaure mata kai. Inna ta fito daga ɗaki za ta madafa, silifas ɗaya ya zame ya tsaya a bakin ƙofa, ita kuwa ta ci gaba da tafiya da ƙafa ɗaya a ƙasa, ba ta ma sani ba. Da aka nuna mata sai ta ce ai kwanan nan tafin ƙafarta kamar kiyashi ke yawo a ciki, gajiyar yawon bankwana ce. Ta ja wa matata kunne kada ta gaya mini, don kada a ce ba ta da lafiyar tafiya. Abin bai ɓoyu ba. Wata safiya ta zauna tahiya a sallar asuba ta kasa tashi. Kafin a kwana biyu hannuwan sun bi, ta kasa riƙe ludayi, koko yana zuba mata a zani tana kallo.

A asibitin Anka suka dube ta suka ce mu wuce Sakkwato, abin ya fi ƙarfinsu. Muka ɗauki shatar mota, Inna kwance a kujerar baya, kanta a cinyar matata. Tana kan gadon asibitin aka kwashe maniyyatan Alhaji. Wata mai jinya a gado na kusa tana da rediyo, aka sa muryar alhazai suna Labbaika, Inna ta juya fuskarta bango. Jakar da ta shirya tana can gida ƙarƙashin gado, da garin yaji da soyayyen nama da sabon hijabi a ciki.

Likitan da ya karɓe ta matashi ne, ba ɗan yankinmu ba, kuma bai yi mini ɓoye-ɓoye ba. Ya ce jiki ne da kansa ya juya yana cin jijiyoyinsa, daga ƙafa yake farawa ya yi sama. Na tambaye shi ko allurar ce. Ya ce, "Malam, yana iya biyo bayan allura, amma da wuya ƙwarai. Ya fi biyo bayan gudawa ko zazzaɓi. Babu gwajin da zan yi in nuna maka da yatsa in ce ga mai laifi." Ya ce akwai wani magani da ake sawa ta ƙarin ruwa, yana aiki ne in an yi da wuri. Ya faɗi kuɗinsa, na yi dariya, don ban san abin da zan yi ba in ba dariyar ba. Duk abin da Inna ta mallaka yana cikin kujerar jirgin da ya tashi babu ita.

Na bar matata a wurinta na tafi Gummi. Alhaji yana Makka, sai wani akawunsa na tarar, mai ɗan gemu da waya biyu a hannu. Na ce a ba mu ko wani abu daga kuɗin kujerar mu sayi maganin. Ya ce kuɗi sun shige biza da masauki da tikiti, babu mai fito da su. Na ce to allurar da maigidansa ya ƙara fa, wa zai ɗauki nauyin abin da ya biyo bayanta? Sai ya ajiye wayoyin ya dube ni da kyau. Ya ce, "Halan ba ku na mutanen wajen Dareta ba? Tsohuwag ga ba ta daka dutsen zinari ga turmi ba? Ku biɗi dalma, Malam, ku bar allura."

Ya san inda zai taɓa. Gaskiya ne, a shekarun da zinari ya haukata ƙauyukanmu ana kawo wa mata dutse cikin gida su daka a biya su, Inna ma ta daka. Gaskiya ne kuma mun binne jikarta, 'yar ƙanwata, a shekarar da gubar dalmar da ke cikin dutsen ta kwashe yara. Wannan kabarin ne akawu ya tono don ya kare aljihun maigidansa. Na so in ɗauki kujerar da nake kai in kwaɗa masa, Allah ya taimake ni na tuna ni malamin makaranta ne, na tashi na fita ban yi masa sallama ba. Da na koma Sakkwato na sa likita ya auna jinin. Ya ce akwai dalmar, kamar yadda za a samu a jinin mutane da yawa daga wajenmu, amma ita ba ta kayar da mutum farat ɗaya haka. Na ce zai faɗi wannan a gaban alƙali? Ya ce zai faɗi abin da ya sani, abin da bai sani ba kuma zai ce bai sani ba.

Ni ma har yau ban sani ba. Duk waɗanda aka yi wa allurar tare da ita sun je sun dawo garau, suna washe mana haƙorin Makka. 'Ya'yana ban fasa kai su rigakafi ba, kuma duk mai son ya ɗauki labarin Inna ya je yana hana mutane allura, ya nemi wani labarin. Abin da na sani shi ne mace ta shiga hannun mutum da ƙafarta da dukiyarta, ta fito babu ko ɗaya, shi kuwa ko hularsa ba ta karkace ba.

Ciwon ya tsaya da kansa kafin ya kai ƙirji, aka sallame mu. Lokacin maganin nan na ƙarin ruwa ya riga ya wuce. Likita ya ce saura hanya ɗaya, gashin jijiya, wato motsa gaɓɓan da suke yi wa shanyayyu da hannu da na'ura. Ya ce in aka dage wata da watanni ba fashi, a nan Sakkwato, yana sa ran ƙafafun su dawo ko da da sanda ne. In kuwa aka bar su suka daɗe a kwance, naman zai tsotse, gaɓɓan su sandare, daga nan sai dai haƙuri. Zaman Sakkwato yana son ɗakin haya da abinci da kuɗin asibiti, albashin malamin firamare kuwa kowa ya san iyakar gudunsa.

Akwai wani abokin karatuna da ya zama lauya a Gusau, shi na je na samu. Ya ce a wasu ƙasashe akwai asusu da ake ajiyewa musamman domin irin waɗannan 'yan tsirarun da allura ta zo musu da akasi, a biya su diyya ba sai an kama wani da laifi ba. Na ce mu fa? Ya ce mu sai dai mu kama wanda hannunmu ya kai gare shi. Ya ce shari'ar allura tana da wuyar ci tunda likita ba zai rantse ba, amma Alhaji ba zai so a kai nan ba. Lokacin karɓar kuɗin sababbin maniyyata ya kusa, kuma babu mai jirgin yawon da zai so a riƙa kiran sunansa a kotu tare da tsohuwar da ta shanye. Ya aika masa da sanarwar za mu shigar da ƙara. Ba a jima ba ya kira ni yana dariya, ya ce mutumin ya fara aiko masu neman sulhu, in fara cigiyar ɗaki kusa da asibiti. Har na sa wani ɗan'uwan matata ya duba mana ɗaya.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Na fita na ga Alhaji, da limamin unguwarmu, da dattawa biyu daga cikin maƙwabta, da Kawu. Kawun da bai leƙo Sakkwato ba duk zaman da muka yi, yau ga shi ya sha wanki ya taho tun daga Nasarawar Burkullu. Suka ce dubiya suka zo. Ba a korar mai dubiya, don haka na ce matata ta shiga ɗaki, na yi musu iso.

Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, an jingina ta da matashi, an rufe ƙafafun da zani. Na shimfiɗa wa baƙi tabarma, kowa ya zauna, ban da Alhaji. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya zo ya durƙusa a ƙasa tsurarta, farar shaddar nan cikin ƙura, kusa da inda kaji ke kiwo. Direbansa ya jere kaya a gabanta, jarkar zamzam da dabino da darduma mai hoton Ka'aba. Na ga idon Inna ya tsaya a kan jarkar bai motsa ba. A raina na ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ya fara magana da muryar nan tasa mai sanyi. Ya ce, "Inna, ni ban zo da gardama ba, ni ɗanki na. Wallahi ina Arfa ina tuna ki. In allurag ga ta, ni nis sa anka yi ta, kuma don alheri nis sa. In ba ita ta ba, Allah shi as sani. Ko wace ta, na taho ki yahe mani." Ya sa gefen babbar riga ya share ido. Liman ya gyara murya ya karɓa, ya yi bayani a kan ƙaddara, da ladan wanda ya yi niyyar Hajji cuta ta tsare shi, da darajar mai yafewa a ranar da kowa ke neman a yafe masa. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da liman ya faɗa, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai.

Na ce, "Allah gafarta malam, a yi haƙuri. Maganar nan tana hannun lauya. Ba gaba muke da Alhaji ba, abin da za a yi mata gashi da shi muke nema, likita ya ce lokaci yana ƙurewa."

Kawu ya juyo kamar an taka masa wutsiya. Ya ce, "Kai yaro, yi muna shiru. Kai anka soka ma allura ko ita? Ga uwakka zaune, ga ni zaune, ga liman, kai ka tsoma baki? Boko ta koya maka sai da ƙahwahun uwakka ga kotu?"

Na ce ba sayarwa nake ba, nema nake su dawo. Ɗaya daga cikin dattawan ya dafa mini gwiwa ya ce in bi a hankali, baƙo yana durƙushe. Kowa ya zuba wa Inna ido. Ta daɗe tana kallon hannuwanta da ke kwance a cinya. Ni ina kallonta ina roƙon Allah a zuci ta ce a ba ta lokaci, ko ta ce sai ta yi shawara, ko ma ta yi kamar ba ta ji ba, tsofaffi sun iya wannan in sun ga dama. Ba ta dubi inda nake ba.

Ta ce, "Tashi, Alhaji, kak ka ɓata tufanka. Na yahe. Duniya da lahira na yahe. Allah shi yahe muna baki ɗai."

Aka ɗauki kabbara, liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Ni hannuna bai tashi ba. Alhaji ya miƙe yana kaɗe gwiwa, sai kuma ya ɗaga murya yadda matan da suka taru a bayan danga za su ji. Ya ce, "Liman, ku shaida. Kujerar Inna tana nan, ba ta mutu ba. Dus shekarad da tam miƙe bisa ƙahwahunta, ni da kaina za ni kai ta, ba ta ƙara ko kwabo." Aka sake kabbara, har da guɗa daga bayan danga. Na tsaya ina jin yadda mutum ya riƙe kuɗin da za ta miƙe da su, ya ce in ta miƙe ta zo, ana kuma sa masa albarka. Ya kama hannuna da hannu biyu a zaure ya ce in riƙa haƙuri, shi ma yana da uwa.

Na kira lauya na gaya masa. Ya yi tsaki ya ce yafiyar baki ba ta kashe ƙara a doka, amma ƙarar ta Inna ce, sai ta yarda ta dangwala hannu, kuma in an tambaye ta ta ce tana nema. Na zo tsakar gida na zauna na yi wa matata bayani da ƙarfi, yadda muka saba. Na ce ta gaya wa Inna babu wanda zai ce ta yi laifi, haƙƙinta ne, addini ma bai hana karɓar diyya ba.

Inna ta ce, "Ke, gaya ma mai makaranta magana zarab bunu ta. Gida nawa nis shiga cikin garin ga ina roƙon gahwara? Akwai wanda yac ce mani sai na biya shi? Ni kau mutum guda shi duƙa ƙohwata, gaban liman, gaban wana, in ce mai a'a? Da wace huska za ni tsayi Arfa?"

Na ce wa matata, "Tambaye ta da wace ƙafa." Matata ta dube ni ta ce wannan saƙon sai dai in kai da kaina, ta tashi ta shige madafa. Inna ta ji sarai. Ta sa aka jawo mata jarkar zamzam kusa da ita.

Na sake gwadawa ta hannun ƙanwata, na gwada ta hannun wata gwaggonmu da take jin maganarta, duk a banza. Masu neman sulhu suka ɗauke ƙafa, lauya ya daina ɗaga wayata da sauri. Na sayar da babur ɗina na kai ta Sakkwato aka fara gashin, har yatsun ƙafarta suka soma motsi in an ce ta motsa. Kuɗin suka ƙare muka dawo. Hannuwan sun warware da kansu a hankali, yanzu tana ɓarar gyaɗa tana jan carbi. Ƙafafun kuwa sun yi abin da likita ya ce za su yi. In za ta bayan gida sai matata ta ɗauke ta, macen da ta yi shekaru tana ɗaukar buhun gyaɗa a ka daga kasuwa.

Shi kuwa Alhaji kasuwarsa ta buɗe a Anka yadda bai taɓa gani ba. Labarin ya zaga cewa ga wani bawan Allah da ya durƙusa wa tsohuwa a ƙasa, ya kuma ajiye mata kujera kyauta. Kyauta suke cewa. Na taɓa jin wani mai shayi yana ba da labarin har da ƙarin cewa motar asibiti ya aiko mana. Da na gyara masa zancen sai aka ce mai makaranta ya cika riƙo, uwarsa ta yafe shi ya ƙi. E, na ƙi. Ita ta yafe nata, ni ban ga wanda ya durƙusa ya roƙe ni nawa ba, kuma ban iya kallon farar shadda yanzu raina bai ɓaci ba.

Bana Kawu ne zai tafi, kuma ta hannun Alhajin. Ya zo bankwana da hantsi, ya zauna a bakin ƙofar Inna ya nemi gafara, ta yafe masa tun bai rufe baki ba. Sai ya ce, "Alhaji na gaishe ki. Yac ce in tuna maki kujerakki na nan." Na ga fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir da haihuwa. Daga nan Kawu ya juyo wajena yana gyara zama, na san abin da zai biyo baya, na ɗauki hulata na fita. Ba zan furta abin da babu shi a zuciyata ba don kawai mutum zai hau jirgi. Na zauna a bakin titi sai da na ga kabu-kabunsa ya wuce.

Da na dawo ban yi sallama ba, don na ji nishi daga tsakar gida. Na leƙa. Matata ta rungumo Inna ta hammata, ita kuma ta kama ƙyauren ɗaki da hannu biyu tana jan jikinta sama. Zanin ya zame, ƙafafun nan da suka rame kamar karan dawa suna lanƙwashe a ƙarƙashinta, tafin yana jan ƙasa ta gefe. Gumi yana zuba daga goshinta. Matata ta hango ni, idanunta cike da hawaye, ta girgiza mini kai kada in yi magana. Hannun Inna ya kuɓuce, ta koma zaune da ƙarfi a kan tabarma tana haki.

Ta ce, "Kin gani? Yau na ɗaga hiye da jiya. Baɗi in Allah ya so. Mutumen ga ba shi ƙarya, gaban liman yaf faɗi."

Na koma zaure na tsaya. Sai da na ji numfashinta ya daidaita sannan na yi sallama.